Sunan Auta a Cikin Sunaye Dubu

Litinin, da hantsi

Shekara da shekaru ina faɗin maganar nan, mutanen gidan nan suna ɗaukata mai mita. To tunda kunnuwansu sun gaji, bari in faɗa wa takarda. Ita dai ba ta tashi ta shige kicin in na fara.

Ni mai walda ne. Ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Rubutun nan ma Auta ce ta koya mini tana 'yar firamare, tana zaune a kan tankin da nake haɗawa, tana yi mini dariya in na juya harafi. Amma duk ƙofar ƙarfen da ta fita daga shagona, in ka duƙa ka duba ƙasanta, za ka ga ɗigo uku da na ɗiga da wuta. Alamata ke nan. In ta karye an san wanda za a nema, in ta tsaya an san wanda za a yaba wa. Haka aiki yake a wurin waɗanda suka san aiki.

Sai ga Auta, 'yata ta cikina, wadda ta yi karatu har aka rasa abin da za a ƙara mata, ta zama dakta a fiziks, ta tafi ƙasashen mutane tana aiki da wata na'ura da aka binne a ƙarƙashin ƙasa. Shekarun baya ta aiko mana da takardar binciken da ta ce sun fitar, tana ta murna a waya. Na sa tabarau na shiga neman sunanta. Shafi na farko sunaye, na biyu sunaye, na uku sunaye, ƙanana kamar tururuwa. Sai da Tela maƙwabcina ya zo ya taya ni da ɗan yatsa kafin muka same ta can tsakiya, a matse tsakanin wasu mutum biyu da baki ma ba ya iya faɗin sunansu. Yarinyar da ta daina zuwa gida saboda aikin nan. Na tambaye ta wa ya yi mata wannan, ta ce ai haka ake yi, Baba, duk wanda ke cikin tawagar ana jera shi bisa harafi. Haka ake yi. To wa ya fara yi? Har yau ba wanda ya gaya mini.

Talata, da yamma

Auta ta iso. Ta rame. Innarta ta ce idona ne, ni kuwa na san ramar 'yata.

Abin da ya kawo ta: cibiyar bincike ta jami'ar garin nan ta buɗe gurbi guda ɗaya, kuma na dindindin ne. Wannan kalmar ita ce ta shiga kunnena. Duk aikin da take yi a can na shekara bibbiyu ne. Ka san hanyar kasuwa, ka san maƙwabtanka, sai a ce kwantiragi ya ƙare, tattara ka nemi wani a wata ƙasa. Ta yi hakan sau uku. Yaron shagona ma ban taɓa yi masa haka ba.

Su huɗu aka tace. Kowannensu zai yi lacca a gaban mutane, sannan kwamiti ya zauna da shi. In ta samu, ta zauna ke nan, motar haya ɗaya tsakaninta da gidan nan. In ba ta samu ba, akwai wani kwantiragin da ke jiranta a wata ƙasa da ta fi ta baya nisa, sun ba ta zuwa ƙarshen wata ta amsa.

Za ta samu. Na faɗa mata a gaban Innarta. Ta ce, "Baba, ka dai yi mini addu'a." Na ce addu'a ina yi tun kafin ki san sunanki.

Alhamis, bayan azahar

Ta mayar da ɗakin baƙi ofis. An hana ni kunna rediyo a gidana.

Asabar, da yamma

Yau na ritsa ta ta yi mini bayanin aikin, ba a waya ba, ido da ido. Ta ce akwai ƙwayoyin da suka fi zarra ƙanƙanta, ana koro su da gudu su gwara kansu, abin ya tarwatse. Ta ce in tuna tartsatsin walda. Su aikinsu su auna inda kowane tartsatsi ya bi, daga nan su gane abin da ya ƙone. Na ce to wannan ai na fi ku sani, ni daga launin tartsatsi nake gane ƙarfe. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji dariyar nan a gidan nan, na manta.

Sai na ce to a cikin aikin wanne ne naki. Ta ce mun gyara yadda ake auna kaza, mun gano kaza. Na ce ban tambayi taro ba, ke na tambaya. Ta ce a wurinsu ba a cewa ni. Na ce shi ya sa ake ba ki shekara biyu a sallame ki, wa zai riƙe mutumin da shi kansa ba ya nuna hannunsa a aiki? Ta ce shayinka zai huce, Baba.

Na kai wa Tela maganar. Ya ce ni da ban san bambancin fiziks da fenti ba, in bar yarinya ta yi abinta. Na ce shi da ya ɗinka mini wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ba shi da bakin ba ni shawara. Ya ce ƙafafuna ne ba daidai ba. Tsohon banza.

Litinin, da hantsi

Ashe laccar a buɗe take, kowa na iya shiga, kuma kowa na iya tambaya a ƙarshe. Ba ita ta gaya mini ba, a bakin Innarta ya suɓuce. Da na tambayi Auta ta ce ba sai na wahalar da kaina ba, da Turanci za a yi, zan gaji. Kunya ce irin ta yara. Wane uba ne zai zauna a gida ana auna 'yarsa a cikin garinsu?

Wanda zai shugabanci kwamitin shi ne Farfesan da ya koyar da ita tun farko, mai sanƙon nan da ya taɓa zuwa shagona a kan ƙofar garejinsa. Ya san ni. Ya san aikina. Ƙofar tana nan, na wuce ta kwanan baya.

Laraba, da sassafe

Na sa farar rigata. Innar yara ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, don girman Allah ka zauna a baya, ka kama bakinka." Na ce yaushe na taɓa yin magana a inda ba ta dace ba. Ta koma ciki.

Laraba, bayan la'asar

Na faɗi abin da na je faɗa. Ba wanda ya taɓa abinci.

Alhamis, da hantsi

Bari in rubuta yadda aka yi, tunda na ga alamar za a juya maganar.

Ɗakin babba ne, kujeru a jere kamar matakala, ƙafafunsu an yi musu walda irin ta masu sauri, tawa har rawa take. Na zauna a baya kamar yadda aka ce. Auta ta tsaya a gaban allo, ba takarda a hannunta, tana magana tana nuna zane, manyan mutane masu furfura suna gyaɗa kai. Ban ji Turancin ba, amma na san mutumin da ya san aikinsa in na gan shi.

A ƙarshe ta haska wani hoto. Taron mutane ne maƙil, kowa da hular kwano, sun tsaya a gaban na'urar. Ta ɗauki 'yar sandarta ta nuni ta zagaye su duka, ta sunkuyar da kai kamar mai godiya. Na nemi fuskarta a hoton ban gani ba. Ita ta tsaya ta yi bayani har muryarta ta dushe, sannan ta kwashe ta miƙa wa taro.

Farfesa ya ce akwai tambaya. Wani mai gemu ya tashi ya yi doguwa, ta amsa. Ya sake tashi. Ta tsaya tana duban allo, na ga hannunta ya kama gefen teburi. Na ga in ban tashi ba za su danne ta.

Na miƙe na gaishe su da harshenmu, na san yawancinsu suna ji. Na ce ni ne mahaifinta. Na ce mutanen da ke cikin hoton nan ban san su ba, amma na san wadda ta bar gida, ta bar barci, ta rame a kan aikin nan. Na ce ita kunya ta hana ta faɗa, ni kuwa na wuce shekarun kunya: aikin nata ne, sauran sun jera sunayensu ne kawai a kan guminta, kuma a sana'armu mai yin haka akwai sunan da ake kiransa da shi. Ban faɗi sunan ba. A lura, ban faɗa ba. Na ce su ba ta aikin, su kuma riƙa rubuta sunanta a sama inda ido zai gani.

Can wasu ɗalibai suka yi dariya, ɗaya ma ya tafa. Farfesa ya ce, "Mun gode, Baba," da ladabinsa. To ina ɓarnar take?

Auta ta tattara kwamfutarta ba ta dube ni ba. Suka shiga da ita ɗakin kwamiti. Ni na dawo gida da ƙafa, don motar haya ta cika.

Juma'a, da yamma

Tana gaishe ni da safe, tana gaishe ni da yamma. Iyakarta ke nan.

Lahadi, bayan azahar

Na same ta a baranda tana shanya. Na ce in akwai magana a fito da ita, gidana ba a ajiye magana ta ruɓe. Ta matse rigar da ke hannunta, ta shanya, sannan ta juyo.

Ta ce, "Baba, ka san su waye a cikin sunayen nan da ka ce sun hau gumina? Farfesa yana ciki. Mai gemun nan yana ciki. Matar da ke gefensa tana ciki. Ɓangaren na'urar da nake aiki da shi, su suka gina shi tun ina sakandare. In za a fara cire sunan wanda bai yi komai ba, nawa zai riga nasu fita."

Na ce to me ya sa mai gemun yake neman ƙure ki. Ta ce ba ƙure ta yake ba, tambayar ta yi kyau, tana cikin lissafa amsar ne na tashi. Ta ce gurbin nan na wanda zai riƙe tawagar cibiyar ne a cikin babban taron, mutumin da ɗaruruwa za su yarda su yi aiki da shi suke nema. Ta ce tambayar farko da aka yi mata a ɗakin kwamiti ita ce, ko a gida haka take ba da labarin aikin, cewa ita kaɗai ta yi.

Na ce sai ki ce musu a'a. Ta ce ta faɗa. Na ce to shi ke nan ai. Ta ɗauki bokitinta ta shige.

Ban san suna ciki ba. Wa zai iya karanta tururuwan nan duka? In ma suna ciki, ai ban kama sunan kowa ba. Kuma mutumin da ya gina abu tun tana sakandare ya ci yabonsa tun tana sakandare, ban ga dalilin da zai sa ya riƙa bin kowace takarda yana liƙa kansa har ya mutu ba. Wannan ban faɗa mata ba. A nan na faɗa.

Talata, da hantsi

Sauran 'yan takara ukun sun yi tasu laccar. Ba uban kowa da ya je, in ji Innar yara, tana faɗa tana kallon tukunya. Na ce wataƙila ba su da uban da ya damu.

Za ta samu. Masu ilimi ne, sun san maganar tsoho daban, aikin yarinya daban.

Alhamis, da yamma

Tela ya ce labarin ya iso shagonsa, wani ɗalibi da ya kawo ɗinki ya ba shi, har da kwaikwayon muryata. Ya ce yanzu a cibiyar in wani ya makara da aiki sai a ce masa a kira mai walda. Na ce ka ga, ashe maganar ta zauna musu. Tela ya ajiye almakashi ya daɗe yana kallona, ya ce, "Kai dai Allah ya shirye ka." Na ce amin, tare da masu wando ƙafa ɗaya.

Bai yi dariya ba. Shi ma an saye shi.

Asabar, da safe

Shiru. Wayarta na kan teburi a kife.

Litinin, bayan azahar

Sun kira. Wani suka ba, wanda ya zo daga wata jami'a, an ce yana da ɗalibai da yawa kuma ya taɓa riƙe tawaga.

Ba ta yi kuka ba. Ta gode musu a waya da murya mai kyau, ta ajiye, ta tambayi Innarta ko akwai sauran sabulu. Innar ce ta shiga ɗaki ta rufe.

Ya taɓa riƙe tawaga. Wannan dalili ne, kuma dalili mai ƙarfi. Ba ruwansa da ranar Laraba.

Talata, da yamma

Ta amsa wa na can. Shekara biyu.

Laraba, da hantsi

Hannun babban akwatinta ya karye tun zuwanta. Na ɗauke shi ba tare da na tambaya ba, na kai tsohon shagona, na karɓi wuta a hannun wanda na bar wa wurin, na yi masa sabon hannu na ƙarfe. Layin waldar ya fita sumul. Akwatin zai ruɓe hannun yana nan. Na dawo da shi na ajiye a ƙofar ɗakinta. Da ta fito ta ɗaga, ta ce ya yi nauyi kaɗan amma ta gode.

Na ce Auta, zauna. Na ce ina so ki gaya mini abu ɗaya, maganata ce ta jawo ko ba ita ba ce. Ta ce, "Ba kai ba ne, Baba." Tana faɗa tana gwada zif ɗin akwatin, ta ja, ta mayar, ta ja. Na ce ki dube ni ki faɗa. Ta dube ni ta ce ita ma ba ta sani ba, ba a gaya wa ɗan takara abin da aka tattauna, kuma ba za ta taɓa sani ba, don haka ta zaɓi ta ce ba ni ba ne, in bar ta a haka.

Ban saba da amsar da ake zaɓa ba. Ƙarfe ko ya kama ko bai kama ba.

Alhamis, bayan azahar

Na je cibiyar. Sakatariya ta ce Farfesa yana taro. Na ce ina da lokaci, na yi ritaya. Na zauna a benci a baranda, ɗalibai suna wucewa suna taɓa juna. Su kalla, ba tsirara nake ba.

Da ya fito ya gan ni bai ɓuya ba, wannan zan ba shi. Ya shigar da ni ofis, ya sa aka kawo shayi, ya tambayi lafiyar gwiwata. Ya ce 'yata tana cikin mafi ƙwarewar waɗanda ya taɓa koyarwa, kuma gaba tana da faɗi. Na ce ba yabo na zo nema ba, yabo ina da shi a gida. Na ce ni na yi magana a gaban kowa, da sunana, fuskata a buɗe. Ku kuma kun shiga ɗaki kun rufe ƙofa. Abin da na faɗa ya shiga ma'auninku ko bai shiga ba?

Ya ce, "Baba, abin da kwamiti ya tattauna ba ya fita. Ba zan ce maka e ba, ba zan ce maka a'a ba. Kwamiti ne ya yanke, ba mutum ɗaya ba."

Na ce to a nuna mini kwamitin in tambaye shi. Ya ce an rushe shi, aikinsa ya ƙare. Na bar masa shayinsa.

Asabar, da yamma

Mun raka ta tasha. Innarta ta riƙe ta ta ƙi saki har direba ya yi hon. Ni ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce in riƙa shan maganina, in daina faɗa da Tela. Na sa mata albarka. Muryata ta fita daidai, duk wanda ya ce ba haka ba ƙarya yake.

Na kunna rediyo da muka dawo. Na kashe.

Lahadi, da hantsi

Innar yara ta ce in bar maganar, abin da ya wuce ya wuce. A wurinta ya wuce, ita ba ta miƙe a ɗakin nan ba.

Litinin, da sassafe

Na sa farar rigata, zan koma bencin nan. Mutum biyar ne suka zauna a ɗakin, sakatariya ta faɗa mini ba da saninta ba. An rushe kwamiti, amma ba a rushe mutanen ba, kowannensu yana da ofis da ƙofa, kuma ƙofa ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Zan fara da mai gemu.

Ba roƙo zan je yi ba, aikin an riga an bayar. Ba kuma haƙuri zan je bayarwa ba, sai na san ko akwai abin ba da haƙuri. In wancan mutumin ya fi ta ne, a faɗa mini, in dawo gida in ci abinci kamar kowa. In kuwa bakina ne ya ɗora 'yata a motar nan, ni ba yaro ba ne, na ɗauki abin da ya fi wannan nauyi, a faɗa mini in san abin da zan ce mata ranar da ta kira. Amma ba za a bar ni a tsakiya ba, shekara biyu ina kallon ƙofar ɗakin baƙi.

Ku biyar ne. Ɗaya ya fito shi kaɗai, ba kwamiti ba, ya dube ni ya ba ni amsa.